Hotunan da Baba Ya Goge

Litinin, 3 ga Maris

Injiniya ya gama da ni yau. Ƙanina ke nan, da muke kira haka don tun yana yaro ba ya ganin abu mai dunƙule bai kwance shi ba. Ya ɗauko kyamarar marigayi Baba daga saman kwaba, wai zai taimaka ya kwashe hotunan. Baba bai taɓa sa mata katin ajiya ba, a cikinta take ajiye komai. Injiniya ya danna abin da ya danna, ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce mata eh. Komai ya tafi.

Hotunan kujeru da ƙofofin da Baba ya ƙera ba su dame ni ba. Guda ɗaya ne: Baba yana gyangyaɗi a falo, 'yata Kumatu kwance a ƙirjinsa, dab da a kwantar da shi asibiti. Ba su da wani hoto tare duk duniya. Baba ba ya yarda a ɗauke shi. Ko gefen kunnensa ya gani a hoto, nan take zai goge. Wannan ma don barci ya sace shi ne maigidana ya samu dama.

Na faɗa wa Injiniya maganganu. Har yanzu ban yi nadama ba.

Talata, 4 ga Maris

Na leƙa wurin mai gyaran kwamfuta da ke jikin kantin maganinmu. Ya ce in kwantar da hankalina, sau da yawa hoton da aka goge yana nan, sunansa kawai aka cire. Na gane: kamar a ɓare takardar jikin kwalba, maganin yana ciki sai in an zuba wani a kai. Sharaɗi ɗaya, kada a sake ɗaukar ko hoto ɗaya da ita.

Na kira gida a tsaye. Injiniya ya ɗauka, na faɗa masa sharaɗin.

"Yaya… na ɗauki ɗaya jiya. Don in ga ko tana aiki."
"Hoton me?"
"Firij."

Firij! Allah ka ba ni haƙuri.

Laraba, 5 ga Maris

Babu kebul ɗin haɗa kyamarar da kwamfuta. Irin na da ne, mai ƙaramin baki, ba a sayar da shi yanzu.

Alhamis, 6 ga Maris

Umma ta samo shi! A akwatin kayan aikin Baba, an naɗe shi a jikin guduma, duk ƙurar katako. Ta ce da shi yake ɗaure murfin akwatin in ya ƙi rufuwa. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, rabona da dariya tun Litinin.

Da rana muka haɗa ta da kwamfutar mai gyara. Manhajar ta ƙi ganin cikinta. Ya ce akwai inda ake sauya mata saiti ta fito kamar filas ɗin kwamfuta, amma bai san irin wannan tsohuwar ba. Injiniya na tsaye a bakin ƙofa, ba wanda ya gayyace shi, ya rame kamar ba ya cin abinci.

"Yaya, in taɓa?"

Tunda aka haife shi ban taɓa jin ya nemi izini kafin ya taɓa abu ba. Na ce ya taɓa, amma da yatsa ɗaya, kuma ina kallo. Ya samo wurin. Kyamara ta fito a kwamfuta. Ban ce masa ya kyauta ba, amma na miƙa masa ruwa.

Juma'a, 7 ga Maris

Alhamdulillahi. Alhamdulillahi.

Sun dawo. Ba suna, sai lambobi, suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya: kujera, ƙofa, kujera, firij ɗin banza. Sai nawa ya zo. Daga ƙasa lafiya lau, ga Kumatu, ga hannun Baba a bayanta da tabon zarto a babban yatsa. Daga wuyansa zuwa sama kuwa toka-toka ne fal. Firij ya cinye fuskar Baba. Injiniya ya juya ya fuskanci bango.

Mai gyara ya ce, "Hajiya, dakata, akwai saura. Har waɗanda aka goge tun tuni suna fitowa."

Ashe Baba, in an bar shi da jikarsa mun tafi aiki, miƙa hannu yake ya juyo kyamarar yana ɗaukar su biyu. A wani rabin goshinsa ne kawai da silin. A wani Kumatu ta damƙe masa gemu, ya runtse ido. A wani kuma ya dace sarai: kunci da kunci, yana dariya baki buɗe, giɓin nan nasa a fili. Ya ɗauka, ya kalla, ya goge, ya mayar saman kwaba kamar ba shi ba.

Na yi kuka a shagon mutane, da farar rigar aiki a jikina. Ban damu ba.

Asabar, 8 ga Maris

Mun kwafe su a kwamfutar maigidana, da filas, da wayata. Na wanko mai dariyar na kai wa Umma. Ta daɗe tana kallo.

"Kai, wannan bawan Allah! Shekara da shekaru yana rufe min bakinsa in zai yi dariya, ashe jikarsa yake buɗe wa."

Ta share ido da gefen mayafi, sannan ta juyo kaina.

"Ke ma ai halinsa kika kwaso. Nuna min hotonki ɗaya da yarinyar nan."

Na ce ni ce mai ɗauka, wa zai ɗauke ni? Ta ce haka shi ma yake cewa. Na duba wayata a mota. Kumatu ce ta cika ta, da babanta, da Umma, har da Injiniya. Ni sai inuwata a ƙasa a wani wuri.

Maganar Umma ce kawai. Ta saba.

Lahadi, 9 ga Maris

Injiniya ya zo cin abincin rana, ya sayo wa kyamarar kati. Da ba don ɓarnarsa ba da ba mu taɓa ganin dariyar Baba ba, amma ba zan faɗa masa ba, sai kansa ya kumbura ya je ya kwance mana talabijin. Na dai ƙara masa nama.

Ina wanke wa Kumatu hannu ya kira ni, na ɗago, ya danna. Na karɓa na duba. Subhanallahi. Ɗankwali a karkace, ido ɗaya a rufe, baki kamar ina faɗa da wani. Kumatu kuma ta manna kuncinta a nawa.

Yatsana ya je kan madannin gogewa da kansa. Kyamarar ta tambaye ni ko na tabbata.

Na ce a'a. Hannuna da kumfar sabulu ne, shi ya sa. Gobe na goge, in na tuna.