Ƙarfe Biyu Daga Jikin Baturiya

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na dawo daga taron malamai a Bebeji na tarar da ƙusa tsirara a bango. Baturiya ba ta nan. Bindigar Baba, mai baki ɗaya, wadda ya bar mini da bakinsa a gaban shaidu, don ya san halin 'ya'yansa maza. Badamasi ne ya ɗauke. Ƙanina da na goya. Ya bar sallahu wai zai dawo da ita. Wai.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Ya zo bayan la'asar ya durƙusa a bakin ƙofa, hannun dama cikin aljihu, kamar kullum tun da injin casar masara ya cinye masa yatsu uku. Ya ce ranar sha shida mafarauta za su yi gwajin shiga daji a Doguwa. Harbi biyar kafin ƙoƙo mai huda ya nutse a cikin ruwa, kuma a fasa aƙalla gora uku. Bara biyu kawai ya harba, yana ta fama da zaro kwanson harsashi da yatsun da babu. In ya sake faɗuwa bana, za su cire shi daga ƙungiya.

Na ce me ya haɗa wannan da Baturiya? Ya ce tana wurin Baba Ɗanasabe maƙeri a Burumburum, za a cire mata ƙarfe biyu a sa wa tasa.

A cire. Kamar ana fiɗar akuya. Na faɗa masa abin da ba zan rubuta a nan ba. Abin da ya ce kawai, "Yaya, aro ne."

Shekara ashirin da biyu ina koyar da tarihi. Na san inda kayan kakanni suke ƙarewa idan an ce aro.

Talata, 5 ga Nuwamba

Na tafi Burumburum in karɓo abina. A mota na shirya hujjoji huɗu, ɗaya bayan ɗaya.

Dattijon ya haura saba'in, abokin Baba ne. Sai da na durƙusa muka gaisa, ya tambayi yara da makaranta da mutanen garinmu Ƙofa kusan gida-gida. Ga Baturiya a kan sabuwar tabarma, a warwatse amma a jere, kowane noti cikin murfin kwalbarsa. Ban taɓa ganin cikinta ba. Hujjojina suka tsere.

Ya nuna mini ƙarafan. Ɗaya ɗan ƙaramin da ke cillo kwanso waje da an buɗe bindiga, ɗaya kuma wanda ake turawa da babban yatsa a buɗe ta. Bindigogin ba kamfani ɗaya ba ne, don haka ba sa shiga haka nan. Sai ya shafa wa ƙarfen baƙin fitila, ya gwada, ya duba inda ya goge, ya ja zarto sau ɗaya tak, ya sake gwadawa. Awa biyu ina kallo. Hannunsa na rawa idan ya ɗauki kofin ruwa, amma da ya riƙe zarto sai ya tsaya cik.

Na ce me ya sa ba za a ba shi Baturiya sukutum ya harba ya dawo da ita ba? Ya ɗaga bututunta saitin rana ya ce in leƙa.

"Ta gama harbi, Tani. In ya danna ta, sauran yatsun zai bayar."

Na dawo hannu rabbana. Rana ce ta yi, ba wani abu ba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Har yanzu ba na amsa gaisuwar Badamasi. Amma yau a aji na tsinci kaina ina ba 'yan aji uku labarin baƙin fitila, alhali darasin ganuwa ne.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na koma, don sa ido. Na ce wa Baba Ɗanasabe abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda Baba ya riƙe ta shekara arba'in yadda ta fito daga hannun masu ƙera ta, yau a wayi gari a yi mata gunduwa-gunduwa.

Dariya ya yi har da tari. Ya ce na manta Baba bahago ne? Ƙarfen buɗewar nan ba nata ba ne, daga bindigar wani Bafulatani Dikko na Kiru aka ciro shi, shi Baba Ɗanasabe ya lanƙwasa shi don yatsan hagu, ni ina rarrafe. Ƙotar ma sau biyu ya sake ta. Mai cillo kwanson kuwa Baba ne ya yi musaya da wani a Tudun Wada.

Na ce to me ya rage na asali?

"Bututun da ya mutu, sai sunan."

Shi ya sa ba ƙarfen da zai yi wa Badamasi sai wannan. Da hagu yake koyon harbi yanzu.

Haushin Baba nake ji. Shekara nawa ina goge ta ina ba baƙi labarin ƙarya.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Badamasi yana gwaji a zaure da kwanso mara komai. Ƙas, sai kwanso ya daki bango. Wannan ƙarar na sani. Na bar tsintar shinkafa na shiga ɗaki.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Doguwa. Na ce zan je gaida ƙawata Zulaihat ne, kuma na gaishe ta, minti goma. Sauran lokacin a gindin ɗorawa na yi shi tare da masu sayar da fura.

Sarkin Baka Jibrin, shugaban mafarautan, ya duba takardun kowa, ya juya bindigar Badamasi a hannu ya daɗe yana kallon ƙarfen nan. Wani ya yi tsegumi wai bindiga biyu aka haɗa. Sarkin Baka ya ce wanda tasa ba ta taɓa zuwa maƙera ba ya ɗaga ta a gani. Ba wanda ya motsa.

Aka sa ƙoƙo a ruwa. Harbin Badamasi na farko ya kuskure. Na biyu ya fasa. Buɗewa, kwanso ya tashi, sabo ya shiga, kamar hannun ya daɗe da sanin hanya. Na uku ya kuskure, na ji wata tana cewa Allah sarki, na kusa watsa mata furarta. Na huɗu ya fasa. Ruwa ya kai leɓen ƙoƙo. Na biyar gorar ta tarwatse, sannan ƙoƙon ya tafi ƙasa.

Baba Ɗanasabe, da ya zo kallo, bai ko tashi ba. Ya ce a miƙo masa bindigar, ya shafa ƙarfen da yatsa, wai har yanzu yana ɗan cijewa.

Talata, 19 ga Nuwamba

Badamasi ya kawo Baturiya naɗe cikin zane, ya tambayi yaushe za mu je a mayar mata da kayanta, tun da aro ne. Na ce jarrabawa ta gabato, ba ni da lokacin Burumburum. Ya ce bayan jarrabawa fa? Na ce akwai duba takardu, kuma ba a wahalar da dattijo sau biyu. Ya tsaya yana kallona. Na ce ya tashi ya ba ni wuri, ya kuma riƙa shafa wa ƙarafan mai, Baba ba ya barin tsatsa.

Na mayar da ita kan ƙusarta. Daga nesa ba a gane komai.

Da zai fita ya ɗaga mini hannu. Na dama.