Maɗaci Bai Jira Jadawali Ba

Zuwa ga Autana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da matarka da jikata. Yaya aiki, yaya tarin yarinyar? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan jiki lafiya.

Da gangan na ƙi kiranka a waya, don na san bakina. In na ji muryarka zan faɗi abin da bai kamata uwa ta faɗa wa ɗanta ba.

Jiya direban gandun daji ya kawo kwalin littattafan babanka, waɗanda ka ara bara ka ce za ku shigar da su a kwamfuta a babban ofishinku. Littafi talatin da ɗaya, kowace shekara da nata. Ka san abin da ke ciki: ranar da bishiya ta zubar da ganye, ranar da ta yi fure, ranar da ’ya’yanta suka fashe, ranar ruwan farko. Babanka ya zauna a tabarma yana buɗe su da murna, har yana nuna min inda ka zuba masa shayi kana rarrafe. Da ya zo kan tara na ƙarshe sai ya tsaya. Na leƙa ta kafaɗarsa, na ga jan biro shafi bayan shafi. Rubutunka ne, ni na koya maka riƙon fensir. “Kuskure.” “Ba zai yiwu ba.” Wani wurin ka zagaye kwanan wata ka rubuta “tsufa?” da alamar tambaya, sai ka ce tambayar za ta rage zafin kalmar.

A ƙasan kwalin akwai takardar sallama daga aiki, wai saboda raunin gani. Da safe na bar bokitin ban ruwa a wurin rainon tsirrai, na shiga ofishin shugaban gandu ko sallamar kirki ban yi ba. Ya yi ta juya takardu, ƙarshe ya ce rahoton da ya ce bayanan mai tara iri, wato babanka, ba abin dogaro ba ne daga teburinka ya fito.

Auta, mene ne laifinsa? Don tsohon littafin ofishinku ya sa wa maɗaci ranar fashewa, shi kuma babanka ya ga yana riga ranar? Shekara tara abin yana matsowa, bana kwana biyu, baɗi kwana uku, yanzu ya kai mako uku. Ruwa kuma sai ƙara jinkiri yake. Irin ya sauka a ƙasa mai zafi, ya kwanta yana jiran ruwan da bai zo ba, gara ta ci nata, ɓeraye su kwashe nasu. Ni nake shuka irin nan a leda shekara ashirin, na san idan ya daɗe a rana, cikin ɗari da ƙyar goma su tsiro. Ka taɓa tambayata? Ka taɓa zuwa ka tsaya a gindin bishiyar ka ɗaga kai? Kana zaune ƙarƙashin fanka ka yanke cewa daji bai canza ba, idon ubanka ne ya lalace.

Babanka kuwa tashi kawai ya yi. Ya mayar da littattafan cikin kwali, ya tura ƙarƙashin gado.

Ka gaishe min da matarka, ita ba ruwanta.

Mahaifiyarka.

*

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na ji daɗi da yayarka ta ce tarin ya saki yarinyar.

Amsarka ta iso, na karanta ta sau biyu ko zan ga wurin da ka ce ka yi kuskure. Ban gani ba. Ka ce ka yi ne don babanka ya huta, ƙafafunsa sun gaji. In hutu kake so masa, ai sai ka zo ka durƙusa ka roƙe shi. Ba sai ka rubuta wa manyanka cewa ba ya gani ba. Mutumin da har yau shi yake zura min zare a allura!

To ga labari. Maɗacin sun fara fashewa ranar Talata, daidai makon da littafinsa na bara ya nuna. Sun karɓe masa makullin ƙofar gandu da doguwar sandar da yake tsinko ’ya’yan kafin su buɗe, don haka daga bakin wayar shinge ya tsaya. Kai ma ka san yadda abin yake: ƙwallon ya tsage gida huɗu, irin ya fito falan-falan kamar takarda, iska ta ɗauke shi tana juyawa. Ya tsaya hannu a baya yana kallon aikin shekara guda yana tashi sama.

Na koma wurin shugaban gandu na ce a ba mu tsani da mota ko na kwana biyu. Ya nuna min jadawali manne a bango, da hatimin ofishinku, ya ce masu tara iri sai nan da mako uku, shi ba zai taɓa ba. Na ce ya je ya karanta wa bishiyoyin, wataƙila ba su samu kwafi ba. Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Mu huɗu matan wurin raino muka ɗauki tsintsiya da tsofaffin zannuwa, muka bi gefen hanya inda iska ke watso irin ta kan waya. Kwana shida muna tsugune a rana. Bokiti ɗaya da rabi muka samu, a inda babanka yakan kawo buhu goma sha biyu. Gwiwata ta kumbura, kada ka aiko da magani.

Amma ba wannan ne ya hana ni cin abinci ba. Shekaranjiya da safe babanka ya tambaye ni yau nawa ga wata. Na faɗa masa. Da rana ya sake tambaya. Na ce, “Malam, ba ɗazu na faɗa maka ba?” Ya ce, “Na sani, ina so ne in tabbata. Wataƙila yaron yana da gaskiya, shi ya yi karatu.” Wallahi da kana kusa a lokacin, girmanka da gemunka ba za su hana ni marinka ba. Shekara talatin da ɗaya mutanen unguwa wurinsa suke tambayar kwanan wata, yau ka sa shi yana shakkar kansa.

Na tsaya nan.

Mahaifiyarka.

*

Auta,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya.

Mutanenka sun iso ranar da ka sa musu, mota biyu, da tsani sabo da buhuna har da lamba. Kwana uku suna zagaya daji. Ɓawo suka tarar a ƙasa, busasshe fayau. Babbansu ya zo gidanmu da hularsa a hannu yana tambayar ina tsohon da ya san bishiyoyin. Na ce tsohon ba ya gani, ya tambayi ofis.

Yayarka ta ce ka kira ta kana kuka, wai manyanka sun tsare ka da tambaya, kana so a sake aiko maka da littattafan ka gyara rahoton. Ba za su fita gidan nan a kwali ba. Kuma kada ka ƙara aiko saƙo ta bakin yayarka, ba ita ka yi wa ba. Ka san hanyar gida.

Mahaifiyarka.

*

Zuwa ga Autana,

Gaisuwa da fatan ka isa lafiya, ka tarar da iyali lafiya. Ka manta cajarka a ɗakin baƙi, na ba direba.

Na san ka tafi kana ganin ban sake maka fuska ba. Haka ne. Na ga ka durƙusa, na ji abin da ka ce, na kuma ga yadda ka dawo daga daji takalmanka sun yage bayan babanka ya zagaya da kai gindin maɗaci arba’in yana cewa ka nuna masa ƙaramin tsiro ko guda. Ka ce min ba ka samu ba. Shekara biyar yana rubuta wannan, a shafukan da ka ce ba zai yiwu ba. Shi ya yafe maka tun kafin ka gama magana, haka Allah ya yi shi. Ni nawa zai ɗauki lokaci, kada ka matsa min.

Takardar mayar da shi aiki ta zo ranar Litinin, da makullin. Ya karɓi makullin, takardar kuwa ya ce in ajiye. Ya daina tambayata kwanan wata, amma na lura yanzu sai ya rubuta da fensir tukuna, washegari ya bi da biro. Da ba ya haka.

Cikin bokiti ɗaya da rabin nan, tsiro ɗari huɗu da ’yan kai suka fito. Mun saba jera dubu goma. Rumfar raino duk fili ne, masu ban ruwa biyu an ce su zauna gida sai baɗi. Ɗayarsu ita ce ta goya ka ranar da na yi zazzaɓi kana wata shida. In ka zo ka je ka gaishe ta, ka faɗa mata da bakinka dalili.

Babanka ya ce in gaya maka ka dawo lokacin furen ɗorawa, kai za ka riƙe littafin ka rubuta abin da idonka ya gani. Na tambaye shi wace rana zan sa maka. Ya ce kada in sa rana, shi ma yanzu ba ya yi wa bishiya alkawari. Zai riƙa dubawa kullum, ranar da ya ga furen farko zan kira ka.

Ranar nan in wayarka ta yi ƙara, ka ɗauka. In ka ce min kana taro, ni da kaina zan shigo mota in zo ofishin in fito da kai a gaban manyanka.

Allah ya yi maka albarka. Ka shafa min kan jikata.

Mahaifiyarka.