Manyan Haruffan Bappa Goni

Barade, Jalingo

Hamma Imrana,

Assalamu alaikum. Ya Kaduna, ya aiki, ya Adda Sa'adatu da yara? Mu nan lafiya ƙalau. Ruwa ya sauka sosai, kogin Mayo Gwoi ya cika har mutane na tsayawa kan gada suna kallo.

Maganar Bappa Goni ce ta sa na rubuto. Ka san bara, da ya fara rubuta tarihin gidanmu, na sa masa manhajar rubutu da tsarin nan da kake kula da shi, wanda ku kusan talatin kuke amfani da shi tare. Saboda idonsa na shiga fayil ɗin tsarin na gyara masa: allo baƙi, rubutu ruwan ɗorawa, haruffa manya-manya. Da haka ya kai babi na tara, da yatsa biyu kacal.

Yau mako uku bai taɓa kwamfutar ba. Rabonsa da ita tun ranar da ka ce kowa ya sabunta tsarin, na sabunta masa yana masallaci na wuce ofis. In na tambaya sai ya ce hutawa yake yi. Jiya na tarar ya lulluɓe ta da zane, wai in ina so in ɗauka, shi ya gama da ita. Babi uku suka rage, kuma babu wanda ya san hanyar da kakanninmu suka bi da shanu daga Muri sai shi. Wallahi hankalina ya tashi. Ka yi masa magana, kai yana jin taka.

Ƙanwarka,
Mufida

*

Kaduna

Mufida,

Wa'alaikumus salam. Duk muna lafiya, Sa'adatu na gaishe ki. A gaida mutanen gida.

Kafin in kira Bappa, ki yaye zanen nan ki kunna kwamfutar. Ina zargin ba ki sake dubanta ba tun da kika sabunta.

Tsarin fayil biyu ne. Babban na kowa da kowa ne, kamar tsakar gida. Duk sanda aka sabunta, sabo ke hawa kan tsohon, abin da mutum ya ajiye a ciki ya tafi. Ƙaramin kuwa, mai suna “nawa”, ɗakin mutum ne. Manhajar tana karanta shi bayan babban, maganarsa ce ta ƙarshe, kuma sabuntawa ba ta taɓa shi. In a babban kika yi gyaranki, to yanzu Bappa na kallon farin allo da ƙananan haruffa irin na kowa.

Ba ke kaɗai ce da laifi ba. Bayanin nan da Turanci na rubuta shi, can ƙasa inda ba mai karantawa. Yau zan dawo da shi sama da Hausa, in kuma sa tsarin ya riƙa gargaɗi kafin ya share gyaran wani. Ki zuba launi da girman haruffan a cikin “nawa”, layi uku ne, na liƙa miki su a ƙasa.

Yayanki,
Imrana

*

Barade, Jalingo

Hamma Imrana,

Gaisuwa mai yawa. Ka ci gari, kuma na san za ka yi shekara kana tuna mini.

Na kunna na ga farin allo fes, rubutu kamar tururuwa, ni kaina sai da na matso. Na zuba layukanka uku, na kira Bappa. Ya zo yana jan ƙafa, ya zauna, ya ƙura wa allon ido. Can ya ce, “Mufida, ashe yana nan?” Na ce me? Ya ce, “Idon.”

Hamma, ranar da ya dawo daga masallaci ya buɗe ya ga fari kawai, sai ya ɗauka ganinsa ne ya ƙare. Ya yi hamdala, ya rufe, bai gaya wa kowa ba. Na ce Bappa, mako uku? Ya ce, “To babba zai zauna yana kuka ma yara a kan ido? Abin da Allah ya bayar, shi ya karɓa.” Ka ji pulaku, kunya da dauriyar nan tamu ta gado. Na yi dariya, na shiga ɗaki na yi kukana.

Don ya yarda, na sabunta tsarin a gabansa har sau biyu, haruffansa ko gezau. Wani sabon abu da ka ƙara a tsarin, mai ajiye rubutu da kansa, shi ma ya shigo, ya kuwa ji daɗinsa, don ka san shi da mantuwa. Ya sa na nuna masa fayil ɗin nasa, ya karanta layukan ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi aikin kowanne. Yanzu da hantsi ƙwas-ƙwas ɗinsa kawai kake ji a zaure, shanu sun kai bakin Binuwai a babi na goma. Gidan ya dawo daidai, ni ma barcina ya dawo.

Taka,
Mufida

*

Barade, Jalingo

Zuwa ga ɗana Imrana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka. Ni na buga wannan da hannuna. Useko, na gode, Allah ya yi muku albarka kai da ƙanwarka.

Aiki na tafiya, saura babi biyu, kuma ina cikin jin daɗi. Tambaya ɗaya gare ni, ta tsaya tsakaninmu. Lambar girman haruffa da Mufida ta sa ashirin da takwas ce. Ran Juma'a na mai da ita talatin da biyu, jiya talatin da shida. Ka gaya mini har nawa take kaiwa, in san yadda zan yi sauri.

Bappanka,
Goni