Faratan Rifkatu

Zuwa ga mahaifina, marigayi malamin kiwon lafiya,

Bayan gaisuwa da ladabin da ya wajaba a kan ɗiya. A gaban jama'a nake rubuto maka, don a gaban jama'a ka yi abin.

Ka tuna layin safiyar Litinin a firamarenmu ta Turaki? Kowa ya miƙo hannuwa, kana bi da bulala kana duba farce. Ƙanwata Rifkatu ba ta taɓa shan duka ba. Ina za ta sha, bayan tun rasuwar Mama take cinye faratanta har tsoka? Sai ka ɗaga hannunta sama ka ce, "Ku dubi mai tsabta." Yara su tafa. Ni ina bayanta ina ganin jini.

Ka koya mana kurkunu da tsutsar ciki. Ka zana zuciya a allo, ka sa mun haddace sassanta. Amma da na gaya maka 'yarka tana kuka a bayan aji, ba ta cin abinci, cewa ka yi, "Jikinta da zafi? In babu, lafiyarta ƙalau."

To ga lafiyar, Baba. A aji biyu na sakandare ta tsaya. Yau tana ɗakina a Sintali, ko ƙofar gida ba ta iya leƙawa. In na shigo, miƙo mini hannuwa take yi, tana jira a yaba. Ina jin haushinka, ba zan ɓoye ba.

Yanzu ni ke riƙe da ajinka. Na roƙi hedimasta darasi ɗaya a mako, in koya wa yara cewa damuwa ma ciwo ce, kuma ana faɗinta. Ya yi dariya, wai marigayi bai taɓa buƙatar wannan ba. Ka ji? Kana kabari ma kana tare mini hanya.

Na san kai ma ba wanda ya koya maka. Na ga yadda ka rame bayan mun binne Mama, ba ka gaya wa kowa ba.

Litinin ɗin nan na tarar da irin hannun Rifkatu a layi, na wata 'yar aji huɗu. Ban ɗaga shi ba. Na riƙe shi, na tambaye ta abin da ke damunta. Ko da izini ko babu, darasina ya fara ke nan.

Allah ya ba Rifkatu sauƙi. Allah ya gafarta maka, Baba, ni dai tukuna.

'Yarka ta fari,
Saratu