Fankar da ba za ta dami Baba ba

Yaya Kadi,

Na fita kina barci, ki yi haƙuri. Bayan sallar asuba Baba ya ce ƙarar fankar ordinatar ɗina, wato kwamfutata, tana sara masa kai. Na ce zan mayar da aikina zaure, sai ya riƙe hannuna ya ce, "A'a, zauna inda nake ganinka."

Shi ya sa zan haɗa wata marar ƙara. Sumana mai gyara ya samo mini babbar fanka mai juyawa a hankali, da diski marar motsi, suna garin Malanbil, a tsallaken kogi. Gada na rufe har yanzu, da kwale-kwale zan ƙetare.

Kin ji abin da likita ya ce jiya. In numfashinsa ya canza ki kira ni, ko ina tsakiyar kogi zan sa a juyo.

Alfari