Nauyina Ya Daina Ɗaga Babur

Puerto Natales, Chile

Yaya Yuleima,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Mama, ya yara? Ni lafiya lau, sanyin ma na fara sabawa da shi.

Ina nan garejin Don Evaristo, mai ba matafiya hayar manyan babura. Kowace safiya nakan kafe su a kan ƙafar tsakiya in shafa wa sarƙa mai. Ita ƙafar nan ba ƙarfin hannu take so ba. Taka ta ake yi da nauyin jiki, sai babur ya hau da kansa. Farkon zuwana, taku ɗaya nake yi. Jiya na sakar mata jikina gaba ɗaya, ko motsi babur bai yi ba.

Don Evaristo ya tuntsire da dariya, ya ce, "Kai ɗan Venezuela, ko duwatsu zan zuba maka a aljihu ne?" Na ji tuni ya fara cigiyar wani ƙato da zai maye gurbina.

Ki ce Mama ta sa min albarka. In ta nemi hotona, ki nuna mata na bara.

Yau kafin kowa ya zo na cika aljihuna da duwatsun, Yaya. Duk da haka babur bai hau ba.

Ƙaninki,
Wilmer