Shafi na Goma Sha Tara

Litinin. Aikin farko: duba iskar tayoyin jirgi na uku.

Baba,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da Inna. Na rubuto ne tunda waya ba ta yi maka amfani yanzu, sai dai a yi ta ihu.

Ƙungiyarmu ta kanikawa ta gama zama da kamfani, bayan wata bakwai ana ja-in-ja. Sun yarda da ƙarin albashi, har da na aikin ranar hutu. Ranar Alhamis muka taru a rumfar gyara, ƙarƙashin fiffike, tsakanin kwalayen saƙo, aka ce wanda ya yarda ya ɗaga hannu. An amince. Aka yi ta tafi. Ni na koma na ƙarasa birkin da na bari. Ban ji daɗi ba, ban ji akasinsa ba.

Sifanar da ka bar mini tana nan a allon kayan aiki, a gurbinta.

Yaronka,
Sau-Biyu

*

Sau-Biyu, ɗan nema,

Muna amsawa. To manyan masu albashi, a riƙa tunawa da mu!

Jiya na je asibiti, abin kunnena mai ƙara mini ji ya lalace. Yarinyar da ke kan tebur ta yi magana sau uku ban ji ba, sai ta rubuta mini: an soke katin asibiti na ’yan ritaya. Wai yana cikin sabuwar yarjejeniyarku, shafi na goma sha tara. Da shi aka saya muku ƙarin. Shekara talatin injin jirgi yana cin kunnen nan, yanzu ni zan biya masa.

Innarka ta ce har da kai aka ɗaga hannu. Na ce ke, takarda mai kauri haka wa ya karanta? Shugabanninsu ne suka cusa a tsakiya, yaron nan bai gani ba. Ta ce mutumin da kai da kanka ka sa wa suna Sau-Biyu saboda duba noti? Na juya mata mataccen kunnen.

Ka rubuto layi ɗaya ka ce ba ka gani ba, in nuna mata, in huta. Ka gaida maiɗakinka da yara.

Babanka na aiki

*

Laraba.

Baba,

Ina gaisuwa. Na fara wannan sau huɗu.

Kai ka koya mini kada in sa hannu a littafin jirgi a kan notin da ban taɓa ba, don haka ba zan rubuta layin ba. Na karanta shafin. Sau biyu. Har na ja layi ƙarƙashinsa da jan biro. Da aka ce a ɗaga hannu na tuna ka, na tuna yarana huɗu, hannun ya tashi. Bai ma yi nauyi ba. Inna ce da gaskiya.

Allah ya ƙara lafiya.

Yaronka

Gobe:
Canza matatar mai, jirgi na biyu.
Tambayar sakataren ƙungiya ko ana iya sake buɗe shafin. Zai ce sai bayan shekara uku.
Tambayar kuɗin abin kunne.
Goge sifana.
Aika wannan. Jiya ma na sa shi a jerin.